Wanda Aka Ara wa Mota, Zai Faɗi Aibinta?

Duk wanda ya taɓa aikin jarida a ƙasar nan ya san abin da ake kira kuɗin mota. An gama taron manema labarai, ana tattara kujeru, sai wani ya ɓullo da takarda ana rubuta suna, a miƙo ambulan. Sunansa dai kuɗin mota, ko da ofishinka a tsallaken titi yake. To, a Turai da Amurka akwai wasu 'yan jarida da ba kuɗin motar ake ba su ba, motar ce sukutum ake kawo musu har ƙofar gida, an wanke ta tas, tanki cike, a miƙa makulli a ce sai mako mai zuwa. Aikinsu su tuƙa, su gwada, su gaya wa jama'a ko ta cancanci a zuba kuɗi a saya. Da yawansu kuma ba ma'aikatan kowace jarida ba ne. Zaman kansu suke yi, su rubuta sharhi su kai wa mujallar da ta taya, a biya su a kan kowane rubutu kamar yadda ake biyan tela a kan kowace riga.

Kowane babban kamfanin mota yana da garken motoci da ya ware domin wannan. Idan kuma sabuwar ƙira za ta fito, sai a gayyaci masu sharhi zuwa wuri mai daɗin iska da santsin titi, sau da yawa kudancin Sifen ko Fotugal, inda hunturu ba ya hana tuƙi. Kamfani ya biya jirgi, ya biya otal, ya ciyar. A haɗa mutum biyu a mota ɗaya su yi yini ko rabin yini a hanyar da kamfanin ya zaɓa tun tuni, da dare injiniyoyi su zauna cin abinci tare da su, kashegari kowa ya kama hanyar gida. Hatta ranar da za a saki rubutun, kamfani ne yake sawa, kowa ya amince ba zai riga wani ba.

Muhawarar da ta daɗe tana cin wannan sana'a ke nan: wanda aka yi wa irin wannan karamci, a kama maganarsa, ko a saurare ta da kunne ɗaya? Kada mai karatu ya ce ina ruwan biri da gada. Motar da ake yi wa biki a Sifen bana ita ce za ta sauka a Kwatano ko Legas bayan shekara goma sha, ta biyo hanya zuwa Kano, kuma sunan da ta yi tun tana amarya yana biye da ita har filin dillali.

Masu cewa kada a yarda ba su sha wahalar neman hujja ba, don Bahaushe ya riga ya yanke hukunci: kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Sai dai masu zurfin tunani a cikinsu ba zargin cin hanci suke yi ba. Sun san da wuya kamfani ya ja ɗan jarida gefe ya danƙa masa kuɗi. Linzamin da ake jansa da shi makulli ne. Sharhin sabuwar mota kamar ɗanyen tumatir yake, ba ya son kwana. Wanda bai samu gayyata ba sai ya jira makonni kafin motar ta zo hannunsa, kafin nan an gama karanta na wasu, babu editan da zai taya nasa. Ma'aikacin babbar mujalla idan an hana shi mota, albashinsa yana nan. Mai zaman kansa kuwa, kamfani biyu ko uku suka share sunansa daga jerin gayyata, tukunyar gidansa ce aka sauke. Saboda haka ba sai kowa ya yi masa barazana ba, shi da kansa zai riƙa tauna kalma kafin ya furta. Birkin da ba ya kamawa yadda ya kamata sai ya zama birki mai "buƙatar sabo". Kujerar baya da babba ba zai iya miƙe ƙafa ba, a ce "ta fi dacewa da yara". Injin da ke zuƙar mai kamar raƙumi ya samu rijiya, a ce "ƙarfi gare shi, ƙarfi kuwa ba kyauta ba ne". Ka bincika ba za ka kama ƙarya ko ɗaya ba, amma mai karatu ya tashi da abin da ba shi ke nan ba.

Tsoron kuma ba na banza ba ne. A watan Fabrairun 2011 wani sanannen mai sharhi ɗan Ingila, Chris Harris, ya fasa ƙwai a shafin Jalopnik game da Ferrari. Ya ce kamfanin yakan nemi sanin filin da mujalla za ta yi gwaji, ya tura injiniyoyinsa su daidaita motar da wannan filin. Ya ce ya ga motar 'yan jarida da ta fi irinta ta kasuwa gudu nesa ba kusa ba. Ya ce har hana masu sharhi ake yi su ari motar a hannun wanda ya saya da kuɗinsa sai da izini. Abin da ya biyo baya shi ne aka rufe masa ƙofa, ya daɗe bai sake karɓar makullin kamfanin ba.

Kafin shi akwai Dan Neil na jaridar Los Angeles Times, wanda ya ci kyautar Pulitzer ta sharhi a 2004, abin da marubucin mota bai taɓa samu ba. Shekara na zagayowa, a Afrilun 2005, ya yi kaca-kaca da Pontiac G6, har ya ce shugabannin General Motors, kamfanin da ya ƙera ta, sun cancanci sallama. Kamfanin ya janye tallace-tallacensa daga jaridar, yana cewa akwai kurakurai a yadda take ba da labarinsa, sai bayan watanni aka shirya. A Maris na 2011 kuma Scott Burgess na Detroit News ya soki Chrysler 200, wani mai ba jaridar talla ya kai kuka, editoci suka sa aka sassauta kalaman a kwafin intanet, shi kuwa ya ajiye aiki. Da surutu ya yi yawa jaridar ta ba da haƙuri, ya koma bakin aikinsa. Masu wannan ra'ayi sai su ce: ka ga dai yadda iska ta kaɗa rimi. Ina ga ƙaramin marubucin da ba shi da jarida a bayansa, ba shi da lauya, wanda ko an daina gayyatarsa babu mai jin labari?

Ita kanta motar aron ma, wa ya ce irin ta kasuwa ce? A 1964 mujallar Car and Driver ta gwada Pontiac GTO, ta buga lambobin gudu da suka girgiza masu karatu, motar ta yi suna, aka yi ta saye. Sai bayan shekaru masu yawa mai tallan kamfanin, Jim Wangers, ya amsa da bakinsa cewa an cire injin mai lita 6.4 da ake sayarwa, aka dasa mai lita 6.9 a ɓoye. Ko ba a kai ga canza inji ba, motar 'yan jarida kusan kullum ita ce mai cikakkun kaya, an bi kowane noti an ɗaure, an sa mata taya mafi kyau. Budurwa ce ranar da dangin miji za su zo gani.

Mafita a wurin waɗannan mutane ita ce hanyar mujallar Consumer Reports ta Amurka, wadda aka kafa a 1936. Ba ta karɓar talla. Motar da za ta yanke wa hukunci, ma'aikacinta ne yake shiga shagon dillali kamar kowa ya yi ciniki ya biya, ba tare da ya ce ga daga inda yake ba. Kimanin motoci 50 take saye a shekara, ta kai su filinta na gwaji mai eka 327 a jihar Connecticut. A Afrilun 2010 ta ce kada a sayi Lexus GX 460 saboda bayanta yana zamewa a kwana kafin na'ura ta kama ta, Toyota mai ƙera ta ta dakatar da sayarwa ta gyara. A Mayun 2018 ta auna birkin Tesla Model 3, ta ga daga gudun mil 60 sai da ta ci ƙafa 152 kafin ta tsaya, fiye da ƙatuwar a-kori-kura Ford F-150. Cikin kwanaki kamfanin ya aika gyara ta intanet, tazarar ta dawo ƙafa 133. Wanda ya sayi mota da kuɗinsa, in ji su, shi ke da bakin magana irin wannan.

Ɗaya ɓangaren suna da tasu amsar, kuma ba ta da rauni kamar yadda ake zato. Abu na farko da suke nunawa aljihu ne. Consumer Reports tana da miliyoyin mambobi masu biyan kuɗi. Mutum ɗaya da kwamfutarsa da kyamararsa ina zai samu kuɗin mota 50 a shekara, ko biyar ma? Idan aka ce sai wanda ya saya zai yi sharhi, an miƙa sana'ar ke nan ga 'ya'yan masu kuɗi, kuma abin da ɗan attajiri zai kira arha ba shi malamin makaranta zai kira arha ba. Suna ƙara da cewa mai saye ma ba waliyyi ba ne. Mutumin da ya yi shekara biyar yana tari ya sayi mota, ba zai zauna a majalisa ya ce an cuce shi ba. Zai kare ta kamar yadda yake kare zaɓin matarsa. Sannan mota nawa ya taɓa tuƙawa a rayuwarsa? Uku, ko huɗu. Mai sharhi yana hawa gommai a shekara, jikinsa ya zama ma'auni. Shi ne zai ji cewa sitiyarin wannan ya fi na kishiyarta sanar da hannu abin da taya ke takawa, don makon jiya kishiyar ce a ƙofar gidansa.

A nan nake ganin ya kamata a yi wa sana'ar adalci, domin masu yi da gaske ba yawon shan iska suke yi ba. Tun zamanin Tom McCahill, wanda ya fara gwajin motoci a mujallar Mechanix Illustrated a 1946, kuma shi ake dangantawa da yaɗa awon daƙiƙa nawa mota ke ɗauka daga tsaye zuwa mil 60, aikin yana da ƙa'idojinsa. Da sassafe, kafin taya ta ɗumama, mai sharhi zai duba iskarta ya daidaita da abin da aka rubuta a jikin ƙofa. Zai je gidan mai ya cika tanki har famfo ya yanke da kansa, ya rubuta lambar kilomita, ya yi tafiya mai nisa, ya dawo famfon nan dai ya sake cikawa, ya raba lita da kilomita, don bai yarda da abin da allon gaban direba ke nunawa ba. Awon gudu sau biyu ake yi, zuwa da dawowa, domin iska da gangara su kashe juna. Birki kuma ba sau ɗaya ake takawa ba, a jere ake yi, a ga ko zai saki idan ya yi zafi. Zai gyara kujerar direba daidai tsawonsa, ya fita ya zauna a bayanta ya ga inda gwiwarsa ta tsaya. Yana da wani guntun titi mai ramuka da kowace mota sai ta bi, don kunnensa ya san ƙarar da ya kamata ya ji da wadda bai kamata ba. Waɗannan lambobi ne, kuma naman da aka ci a otal ba ya rage ƙafa ɗaya daga tazarar birki. Wasu goma ma suna auna abu guda a makon. Wanda ya yi coge, asirinsa ba zai kwana ba.

Hujja mafi nauyi ta masu kare sana'ar ta fito ne daga Suwidin. A can akwai wata ƙatuwar dabbar daji dangin barewa, ta fi doki girma, wadda takan faɗo titi ba sallama, kamar yadda saniya ke yi mana a hanyar Zariya. Mujallar Teknikens Värld tana da gwajin kauce mata: a jera robobi a fili, a loda wa mota mutane da kaya, direba ya shigo da gudu, ya fizgi sitiyari hagu, ya dawo dama, ba tare da taka birki ba. A Oktoban 1997 ɗan jaridarta Robert Collin ya yi wannan da sabuwar ƙaramar Marsandi, A-Class, a gudun kusan kilomita 60, sai ga mota ta kife. Kamfanin ya fara da musu, daga baya ya dakatar da sayarwa har zuwa Fabrairun 1998, ya gyara ƙafafun motar, ya sa wa kowace ɗaya na'urar da ke hana zamewa, ESP, wadda a lokacin sai manyan motoci masu tsada. Kishiyoyi suka ga ba dama suka bi sahu. Mujallar nan dai ce a 2016 ta nuna Toyota Hilux tana ɗaga ƙafa biyu sama a wannan gwajin. Ɗan jarida ne ya yi wannan aiki, ba hukuma ba.

Hatta labarin Chris Harris suna juya shi ya zama nasu. An hana shi mota, sai me? Sunansa ƙaruwa ya yi, masu kallo suka ƙara yarda da shi, a 2016 ya shiga cikin masu gabatar da shirin Top Gear na BBC. Garkuwar mai zaman kansa, in ji su, jama'arsa ce. Kamfani yana tsoron mutumin da dubban ɗaruruwa ke saurare fiye da yadda shi yake tsoron kamfani. Kuma ma'aikacin mujallar da rabin shafukanta tallan mota ne, shi ne mai uban gida ɗaya da za a iya matsa wa. Mai sayar da rubutu wuri biyar, in an toshe nan sai ya ɓulla can.

Wannan magana ta ƙarshe ban saye ta duka ba. Harris ya riga ya yi suna kafin ya buɗe baki, kuma Collin da Neil kowannensu da gidan jarida a bayansa. Garkuwar jama'a sai wanda ya riga ya tara jama'ar. Mai farawa, wanda ya fi kowa buƙatar makulli, shi ne ba shi da ita. Amma na fi karkata ga cewa ɓangarorin biyu sun tsaya jayayya a kan gaskiyar mai sharhi, alhali ciwon yana wani wuri. Ko waliyyi aka ba mota ta mako ɗaya, abin mako ɗaya zai gani.

Dubi kyautar Motar Shekara ta Turai, wadda gungun 'yan jaridar mota ke zaɓa tun 1964. Ta 1969 Fijo 504 suka ba. Babu wanda zai ce sun yi kuskure: an fara haɗa Fijo a Kaduna a 1975, 504 ta yi aikin gwamnati, ta yi haya, ta yi jigilar amare da buhunan hatsi, ana haɗa ta a nan har cikin shekarun 2000, bayan Faransa ta daɗe da mantawa da ita. To, shekara ɗaya kafin nan, ta 1968, wa suka ba? NSU Ro 80 ta Jamus, mota kyakkyawa mai wani irin inji mai juyawa, shiru kamar ba a kunna ba. Duk abin da suka yaba mata gaskiya ne. Sai dai injin yakan cinye kansa tun motar ba ta yi nisa ba, canza wa masu saye injuna ya karya kamfanin, a 1969 Volkswagen ta haɗiye shi. Alƙalai iri ɗaya, gwaji iri ɗaya, shekara biyu a jere. Ba cin hanci ne ya raba sakamakon biyu ba. Abin da ya sa 504 ta zama 504 a wurinmu, wato juriya, ba ya cikin abin da suka iya gani ranar zaɓe, kamar yadda ciwon Ro 80 ba ya ciki.

Haka badaƙalar dizal ta Volkswagen. Shekaru ana yabon waɗannan motoci da tsabtar hayaƙi, har Jetta TDI ta karɓi kyautar mota mai kare muhalli ta 2009 a Amurka. Ɗaruruwan masu sharhi sun tuƙa su, babu wanda ya gano komai, don hanci da kunne ba sa auna irin wannan guba. Masu bincike na Jami'ar West Virginia ne suka ɗaura wa motocin na'urar awo suka hau titi da su, suka ga abin da ke fita ya ninka ƙa'ida sau da yawa. A Satumban 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta tona, kamfanin ya amsa cewa motoci kusan miliyan 11 ne ke ɗauke da manhajar da ke gane lokacin gwaji ta gyara hali. Manyan mujallu suna ƙoƙarin cike wannan giɓi da riƙe mota na dogon lokaci, Car and Driver takan kai mil 40,000 da ita. Mai zaman kansa ba shi da wannan dama, kuma mil 40,000 ɗin ma, a lissafin motocin da ke iso mana, yarinta ce.

Ni kaina na taɓa biyan kuɗin wannan karatu. Na sayi wata Baljiyam ƙirar Turai, shekararta goma sha biyu, bayan na kwana uku ina karanta abin da Turawa suka rubuta a kanta lokacin da ta fito. Babu wanda ya kushe ta. Na kai ta gareji a yi mata juyen bakin mai, bakanikena ya buɗe bonet, ya yi shiru, ya goge hannu da tsumma.

"Malam, wa ya ba ka shawarar wannan?"

Na ce, "Injiniya, ai karantawa na yi. Turawa sun yaba mata ƙwarai."

Ya ce, "Su da suka yaba mata ai sun rabu da ita, shi ya sa ta zo hannunka."

Daga nan ya shiga nuna mini abin da babu a ko ɗaya daga cikin sharhunan: robar da zafin Afrilu ke busarwa ta tsage, giyar da ba ta yafe man da ba nata ba, wani ƙaramin sensa da sai an aika Legas. Nasa sharhin na shekara goma sha biyu ne, kyauta kuma.

Sai dai kada a ɗauka ina cewa a watsar da ɗan jarida a kama bakanike. Shi ma da tasa makantar, da nasa ladan kuturun. Mota mai kyau a wurinsa ita ce wadda kayanta suka cika Ƙofar Ruwa da Panteka, wadda ya iya kwancewa ido rufe. Zai ƙwanƙwasa bodi ya ce, "Ka ji ƙarfe," alhali motar zamani da gangan ake yin gabanta ya lotse, don ya shanye dukan da zai isa ƙirjin direba. Bai taɓa auna tazarar birki ba, kuma bai ga abin da ke faruwa a cikin daƙiƙar haɗari ba, gawar motar kawai ake jawo masa. A 2018 ƙungiyar Global NCAP tare da ƙungiyar masu motoci ta Afirka ta Kudu sun buga Nissan NP300 Hardbody da bango a ɗakin gwaji, motar da duk mai ƙwanƙwasa bodi zai rantse da ita, ta tashi ba tauraro ko ɗaya wajen kare manya. Irin wannan ilimi ba ya fitowa daga gareji.

Yanzu ga matasanmu sun shigo sana'ar ta ƙofar waya. Za ka gan su a filayen dillalai a Kano da Kaduna da Abuja, suna zagaya mota da Hausa mai daɗi, a buɗe ƙofa, a nuna kujerun fata, a kunna fitila, a faɗi farashi da lambar kira. Ban ga laifin neman halak ba, amma sunan wannan talla, kuma muhawarar Turawa ta same mu a gida ke nan, har ta fi tsanani, don can kamfani yana nesa, nan kuwa mai motar yana tsaye a bayan kyamara, wani lokacin da la'ada a tsakani. Abin da ke ba ni takaici shi ne, mai son yin na gaskiya a nan ya fi takwaransa na Turai 'yanci ta fuska ɗaya. Motocin da muke saye tsofaffi ne, suna hannun 'yan'uwa da abokai da direbobin tasha, babu kamfanin da ke riƙe da makullinsu. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, wanda zai cika tanki ya je Zariya ya dawo ya faɗi lita nawa ta sha, ya tsaya a cunkoson Kano da ƙarfe biyun rana ya ga ko allurar zafi za ta hau in an kunna na'urar sanyi, ya shiga kasuwa ya jero farashin shakazoba da famfon mai da fitilar gaba, ya zauna da direbobin haya uku da suka yi shekaru da irinta, wannan zai yi wa mai saye aikin da babu mujallar Landan da za ta yi masa. Matsalarsa ɗaya, wa zai biya shi? Mai kuɗin talla a wannan kasuwa dillali ne.

Idan aka matsa mini in faɗi inda na tsaya, aron mota na mako ɗaya ban ga aibinsa ba, muddin mai sharhi ne zai zaɓi hanya, ya zuba mai da kuɗinsa, ya auna abin da ake aunawa. Tafiyar jirgi da otal ita ce ban natsu da ita ba, don yini ɗaya a titin da mai kaya ya zaɓa, bayan an ci an sha, ganin amarya ne a ɗakinta, kowa kuwa ya san amarya ba ta laifi. Wanda ya je, aƙalla ya faɗa a saman rubutunsa wa ya biya, kamar yadda Jalopnik ta saba yi. Ni kuma mai karatu, idan ya ba ni lamba ina karɓa, idan ya ce kujera ta matse shi ina yarda, idan na ga "buƙatar sabo" ina ninka ta biyu, idan kuwa ya ce mota za ta yi ƙarko, na san duba yake yi.

Motar nan tawa, don kada in zalunci Turawan, akwai daren da ta biya ni. Muna dawowa daga Zariya bayan isha'i, saniya ta faɗo titi, na fizgi sitiyari hagu na dawo dama, mota ta bi hannuna kamar an ɗora ta a kan layin dogo, yara a baya ko farkawa ba su yi ba. Abin da suka rubuta game da riƙon titinta, haka yake ba ragi. Bayan wata huɗu giya ta fara fizga tsakanin ta biyu da ta uku, na sa ta a kasuwa. Mai saye ya zo gareji ya zagaya ta, ya ɗan taka da ita ya dawo, ya ce ya ji kamar tana jinkirin canza giya. Na ji bakina yana haɗa kalmar cewa sabo take buƙata. Injiniya, yana ƙarƙashin wata motar, ƙafafunsa kawai ake gani, ya riga ni.

"Alhaji, giyar ta kusa. Ka cire kuɗinta a cikin ciniki."